Ranar da Nasidi Ya Gaishe da Laure

Abin ya fara ne a ƙarshen daminar bara, a makon da mutanen Tudun Kaya suka gama cirar gyaɗa. A makon ne Awaisu, wanda yake aikin gwamnati a Kano, ya turo magina suka shimfiɗa wa mahaifiyarsa tayil a ɗakinta da bakin ƙofarta, har zuwa ɗan lungun da take alwala. Inna Laure ba ta roƙa ba. Tun tana amarya take taka daɓen ƙasa, wanda ita da ƙawayenta suka buga da hannuwansu suka shafe da makuba, kuma bai taɓa kayar da ita ba. To amma ɗan fari ne ya yi, ɗan fari kuwa ko sunansa ba ta faɗa, sai dai ta ce “na Kano”, balle ta tsaya ja-in-ja da shi. Ta ce Allah ya yi albarka, ta riƙa tafiya a kan abin a hankali kamar mai ƙetare rafi.

Wata ranar Talata ta gama alwalar la’asar, ta miƙe da buta a hannu, ta taka ɗan ruwan da ya malala. Ba faɗuwa ce ta a-zo-a-gani ba. Ƙafar ce ta zame, ta zauna a gicciye a kan ƙugunta na dama, ta ji wani ɗan sauti a ciki kamar an karya busasshen kara. Ta yi salati, ta yunƙura za ta tashi, ƙafar ta ƙi.

Radiya, matar Awaisu, wadda take zaune tare da ita a gidan, ta bar ɓarar gyaɗar da take yi ta taho da gudu.

“Innalillahi! Inna, faɗuwa kuka yi?”

“Zama na yi,” in ji Laure. “Mutum ba zai huta a gidansa ba?”

Sai da aka kira mata biyu daga maƙwabta kafin a kai ta kan katifa. Zafin ba a baya yake ba, a matsematsi yake, yana sauka har gwiwa. Ƙafar dama ta kwanta ta juya waje kamar ta yi fushi da ’yar’uwarta, kuma duk wanda ya dubi dugadugan biyu zai ga ɗaya ta gaza ɗaya tsawo. Radiya ta ambaci asibiti da ƙaramar murya.

“Targaɗe ne,” in ji Laure. “A aika Rogo Ruma a kira mini bawana.”

Bawan nata shi ne Nasidi, mai ɗorin da ake zuwa wurinsa daga ƙauyukan Rogo da Karaye, har da na ƙetaren iyakar Kaduna. Mahaifiyarsa ƙanwar mahaifin Laure ce, wato taubasai suke. A shekara ɗaya aka haife su, kuma tun suna cin ƙasa ba su daidaita a kan wanda ya girmi wani ba. Ita tana kiransa bawa saboda shi ɗan mace ne, shi kuma yana kiranta gyatuma tun ba ta kai aure ba. Bai taɓa yi mata sallama irin ta mutane ba. In ya zo sai ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga murya ya tambaya ko an kai ta ne, don a ba shi butarta gado. Da ta yi zazzaɓi ya ce mata ta yi wasiyya. Da haƙorinta ya fita ya ce alama ce. Ko ranar da za ta tafi Makka, ce mata ya yi jirgi ba ya ɗaukar kaya irinta. Duk dangi sun san wannan, kuma da taro ya yi sanyi su ake jira su ɗumama shi.

Washegari da hantsi aka ji tsayuwar babur a ƙofar gida, sannan aka ji muryarsa.

“An ce gyatuma ta yi tsalle! Ina butata?”

“Shigo, bawa,” in ji Laure daga ciki, duk da gumin da yake karyo mata. “Uwargijiyarka tana da aiki.”

Ya shigo da jakar fatarsa wadda yake zuba karare da tsumma da man shafawa. Ya dubi tayil ɗin ya yi dariya.

“Ke da kika girma a kan kashin awaki, wa ya aike ki hawa madubi?”

Ya tsuguna a ƙarshen katifar. Radiya ta ɗan ja zane zuwa idon sawu. Ya dubi ƙafafun biyu, ya jera dugadugan a tafin hannunsa, ya ce ta ɗaga ta dama daga kan katifa. Ta kasa. Ya ɗan buga dugadugin da gefen hannu, ta cije leɓe har hawaye ya fito. Sai ya saki ƙafar, ya goge hannunsa a riga, bai ko kwance bakin jakarsa ba.

“To, gyatuma, taki ta same ki. Wannan ba tawa ba ce. Ƙashin can sama ya karye, a cikin ƙugu, inda kara ba ya kamawa. Asibiti za a kai ki, su yanka ki su sa miki ƙarfe.”

Da fuskar da ya saba ya faɗa, baki a buɗe, gira a sama, domin ba shi da wata fuskar da yake yi wa Laure magana da ita. Matan da suka zo dubiya suka fashe da dariya. Ɗaya ta ce, “Kai, Malam Nasidi, ba ka tausayin mara lafiya?” Laure ma ta yi dariyar, tana riƙe da cinya.

“Yanka kuma? Da can wasiyya ce, yau yanka?”

“Gaskiya nake gaya miki.”

“Kullum ma gaskiya kake gaya mini. Ɗauko karanka ka yi aikinka.”

“Wallahi ba wasa nake ba, tsohuwar banza.”

Ƙarshen maganar ne ya ɓata farkonta. Aka sake kwashewa da dariya. Ya juya ga Radiya ya ce a kira mijinta a waya a gaya masa, ita kuma ta amsa da “to” tana rufe baki da mayafi. Da ya fita, Laure ta yi wa matan bayani. So yake ta roƙe shi, ba wani abu ba. Zai bar ta ta kwana biyu tana jin jiki, sannan ya dawo da kararensa yana cika baki. Ta san shi kamar yunwar cikinta.

Kwanakin da suka biyo baya su ne suka fi karayar ciwo. Zafi dai ta iya shi, ta sha naƙuda ba sau ɗaya ba. Abin da ba ta iya ba shi ne tasar biyan buƙata da Radiya take shigowa da ita a rufe da tsumma, ta kawar da kai, ta tallafe ta, ta fita da tasar. Matar ɗanta. Yarinyar da ko cin abinci ba ta taɓa yi a gabanta ba. Radiya ba ta taɓa ɓata rai ba, kuma wannan ne ya ƙara wa abin nauyi, don da ta yi tsaki ko sau ɗaya da Laure ta sami abin riƙewa. Sai ta rage shan ruwa. Kunu ma ta ce ya ishe ta bayan ludayi biyu. Salla kuma tana yin ta a kwance, da taimama a kan wani dutse da aka ajiye mata kusa da matashi, tana nuni da kai. Ta san Allah ya yarda da hakan, ta sha gaya wa wasu. Amma goshinta yana kewar ƙasa.

Duk babur ɗin da ya tsaya a waje sai ta kasa kunne. Nasidi bai dawo ba.

Ranar Juma’a da yamma Awaisu ya iso daga Kano. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ya dubi tayil ɗin da ya saya, ya dubi mahaifiyarsa.

“Inna, ku yafe mini.”

“Ƙaddara ce,” in ji ta, tana kallon bango. “Sai dai ita ƙaddarar ta sami abin hawa mai santsi.”

Bai ambaci tiyata ba, don ya san wadda ta haife shi. Ya ce hoto kawai za a ɗauka, domin Kawu Nasidi ya ga inda zai ɗaure. Da wannan dabara aka shimfiɗa katifa a bayan a-kori-kura aka kai ta asibiti a cikin garin Karaye, kowane rami na hanya yana fitar mata da salati.

Likitar mace ce, sunanta Siddiƙa, kuma hakan ya ɗan kwantar wa Laure da hankali. Ta tambayi yadda aka yi, ta duba ƙafar, ta auna jini, sannan ta ɗaga baƙin hoton wajen taga ta matso da shi kusa.

“Inna, kun ga wannan mai zagayen kamar ƙwallon goruba? Shi ne kan ƙashin cinya, yana zaune a cikin ramin ƙugu. Ga ɗan siririn wuyansa nan. A nan ya karye, kuma ya goce.”

“Daga ɗan zaman nan da na yi?”

“Ƙashin manya haka yake, musamman mu mata in shekaru sun ja. Kamar karan dawa ne, bayan yana nan da kyau, cikin kuwa sai totuwa. Faɗuwar da yaro zai tashi ya kaɗe riga, ita ce take karya babba.”

Ta yi bayani a tsanake. Jinin da yake ciyar da kan ƙashin ta wuyan nan yake bi, kuma in wuyan ya karye ya goce, hanyar ta yanke, ƙashin ba ya haɗewa ko an shekara a kwance. Da tsagewa kawai ya yi, da kusoshi za a kafe shi da su. Tun da ya goce, sai a cire kan a sa na ƙarfe a madadinsa. A Kano ake yi, a asibitin ƙashi. Sau da yawa ma ba a sa mutum barci, allura ake yi a gadon baya ta kashe rabin jiki. Bayan aikin ba a barin mutum ya daɗe a kwance, da wuri ake tayar da shi ya fara takawa da ƙarfen dogarawa, ko da yake salla sai a kan kujera zuwa wani lokaci.

“Ba zan ɓoye muku ba, kowane aiki yana da haɗarinsa,” in ji likitar. “Amma kwanciyar ta fi shi. Ita ce take kawo gyambo a baya, ta cika ƙirji da majina, ta daskarar da jini a ƙafa. Kuma an riga an yi jinkiri. Kada a ƙara.”

Laure ta saurara da kyau, ta yi godiya, ta sa wa likitar albarka har da iyayenta. Da aka mayar da ita mota ta ce wa direba ya kama hanyar Tudun Kaya.

“Inna, kun dai ji abin da ta ce,” in ji Awaisu. “Shi ne fa abin da Kawu ya faɗa.”

“Shi wasa yake yi. Ita kuma ’yar kirki ce, amma yarinya ce, abin da aka koya mata take faɗa. Mutumin da ya ɗora ƙafar ɗan Fulanin da sa ya taka, har yana zuwa kasuwa da ƙafarsa, shi ne zai kasa ɗora tawa? A kai masa hoton.”

Awaisu ya kai hoton Rogo Ruma da kansa. Abin da suka tattauna Laure ba ta ji ba. Ta dai ga ya dawo shi kaɗai, kuma da dare Radiya ta shafa mata mai a baya, ta daɗe a wuri ɗaya, a daidai inda fatar ta fara ja.

Da safe, bayan rana ta ɗan ɗaga, babur ya tsaya a ƙofar gida. Laure ta gyara ɗankwalinta, ta shirya amsar da za ta mayar in ya tambayi buta. Ba a ɗaga murya ba. Sai Radiya ta leƙo da wata irin fuska.

“Inna, Kawu ne. Yana zaure, wai a yi masa iso.”

“Iso? Wane Kawun?”

“Kawu Nasidi.”

“Ce masa ya shigo, ya daina iya shege.”

Ta ji takunsa a hankali. A bakin ƙofa ya tsaya ya yi sallama cikakkiya, ya jira har ta amsa. Ya tuɓe takalmansa ya jera su. Babbar rigarsa ta zuwa masallacin Juma’a ce a jikinsa, da hula sabuwar wanki, kuma babu jakar fata a kafaɗarsa. Ya tattara rigar ya durƙusa daga gefe, da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara.

“Yaya Laure, ina kwana?”

Ta dube shi. Ta jira ƙarshen maganar, inda ya saba ɓoye allurarsa. Babu komai a ƙarshen.

“Lafiya,” ta ce.

“Kun tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki?”

“Da sauƙi.”

“Allah ya ƙara sauƙi. Allah ya sa kaffara ce. Ya iyali? Ya haƙuri da mu?”

“Wa ya ara maka rigar?”

“Tawa ce, Yaya.”

“A ina ka bar bakinka? Ko kaji sun tsince shi a hanya?”

“Allah ya huci zuciyarku.”

Wani sanyi ya ratsa ta daga ƙafa zuwa wuya, irin wanda hoton asibiti bai sa ta ji ba. Ta taɓa ganin Nasidi a haka, amma ba da ita ba. Haka yake zama a gaban mutanen da aka kawo masa ’yan’uwansu, in zai gaya musu abin da ba su zo ji ba. Ita kuwa tun suna yara yake rantsuwa cewa shi ne babba, har ya taɓa kawo wata tsohuwa shaida a wani taron suna. Yau ga shi a durƙushe yana ce mata Yaya, idonsa a kan tayil.

“Na zo neman gafara ne,” in ji shi. “Na gaya muku magana mai nauyi da bakin wasa, aka ɗauke ta wasa, kuka kwanta kuna jirana. Ni kuma na zaci tuni kuna Kano. Ɗori yana son wurin kamawa sama da ƙasa. Hannu, ƙwauri, tsakiyar cinya, duk ina ɗaurewa, Allah kuma ya ba da sa’a. Wannan yana can cikin nama, ba inda zan kama. Mahaifina bai taɓa irinsa ba, ni ma ba na taɓawa. In na naɗa muku tsumma don ku ji daɗi, na cuce ku.”

A waje ana jin Radiya tana sheƙar gyaɗa, tana tsayawa tana ci gaba, alamar kunnenta yana ciki.

“Ƙarfe a jikin mutum,” in ji Laure a hankali. “Da shi zan tsaya gaban Ubangiji? Da shi za a binne ni?”

“Na biya ta wurin Liman kafin in zo, don na san za ku tambaya. Ya ce neman magani ne. Ba ya hana alwala, ba ya hana salla, kuma ba a tono shi in kwana ya ƙare.”

“In kuma ban tashi daga aikin ba?”

“Rai na Allah ne, Yaya. Amma a nan ɗin, ban ga tashi ba.”

Ta juya kai. A bayan ƙofa tasar tana nan a kife, an wanke ta an rufe da tsumma, tana jiran lokacinta. Kusa da ita ga butarta, wadda rabon da ta ɗauke ta da hannunta tun ranar Talatar nan. Ta daɗe tana kallon su biyun. Sannan ta dubi tsohon da yake durƙushe cikin babbar riga, ya ƙi ko gyara zama.

“Tashi, bawa, kafin kai ma a nema maka ƙarfe.”

Bai tashi ba, sai dai gefen bakinsa ya ɗan motsa.

“Yayar dai na ji, kuma da shaidu a waje,” in ji ta. “Ba a janye ta.”

“Sai kun dawo da ƙafarku mu yi shari’ar.”

Laure ta ɗaga murya ta kira Radiya, wadda ta bayyana nan take da faifai a hannu.

“Gaya wa mijinki ya nemo mota, a haɗa mini zannuwana da carbina. Wannan bawan kuma shi zai riƙe mini buta a hanya. Yau za mu Kano a yi aikin.”